Kilarinet ɗin da ta ƙi kwancewa: wata biyu muna fama da rodi uku da sukuru ɗaya

Yanda aka tsinto ta

Makarantar sakandare ce a nan Jos, ba sai na faɗi sunanta ba, ni dai fiziks nake koyarwa a ciki. Muna da ƴan badujala, ganguna da bigila kawai, kuma wanda yake koya musu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga badujalar ƴan sanda, kowa Baba Saje yake ce masa har shugaban makaranta. Wajen ƙarshen Satumba ana shirin faretin 1 ga Oktoba ya shiga sito neman fatar ganga, sai ga wani ɗan akwati baƙi a bayan karyayyun kujeru, daidai inda kwano yake yoyo. Mai riƙe da makullin siton ya ce aƙalla damina uku kenan ba wanda ya taɓa shi, wanda ya san daminar Jos kuwa, daga Afrilu har Oktoba ga hazo ga sanyi, ya san me wannan yake nufi. Da aka buɗe, cikin akwatin duk fumfuna, ga kilarinet a kwance.

Ga wanda bai santa ba, wata irin sarewar Turawa ce baƙa, gaɓa biyar ake harhaɗawa: bakin busawa, sai wata ƴar ganga gajera, sai gaɓar sama, gaɓar ƙasa, sai buɗaɗɗen baki a ƙarshe. Tamu ta itace ce, ba roba ba, baƙin itacen nan mai nauyi da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, su can mpingo suke ce masa, in ka jefa shi a ruwa nutsewa yake. Bambancinta da algaitarmu shine algaita ramuka ne kaɗan yatsa ya rufe ya buɗe, ita kuwa wannan madannai 17 gare ta da zobba 6, kuma kowane madanni a kan ƙarfe yake juyawa. A nan matsalar take.

Yanda abun yake: ana dasa wasu ƴan turaku na farin ƙarfe a jikin itacen, bibbiyu. Madannin yana da ɗan bututu da yake shiga tsakanin turakun, sai a zura wani siririn baƙin ƙarfe ta cikin turke na farko ya ratsa bututun ya je ya ɗaure da zare, wato irin haƙoran nan na jikin sukuru, a turke na biyu. Saje rodi yake ce masa, amma ba rodin gini ba, kaurinsa bai fi milimita 2 ba, kuma a kansa akwai ƴar tsaga ta sukurdireba. Wasu madannan ba rodi gare su ba, ƴan sukurori biyu ne masu tsini suke riƙe su ta nan da can. Ƙarƙashin murfin kowane madanni akwai matoshi na ulu da aka lulluɓe da siririyar fata, shi yake toshe rami, sannan a mahaɗar gaɓoɓin akwai ɓawon kok, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi.

Abun da muka tarar ranar: madannai kusan shida suna motsi amma da ƙyar, kamar an sa musu ƙaro. Uku sun ƙame gaba ɗaya, wato madannin A na can sama kusa da wuya, ɗaya daga cikin na gefe, da kuma dogon rodin da yake ɗauke da madannai biyu na ɗan ƙaramin yatsan dama. Ƴar gangar kuma a haɗe aka ajiye ta da gaɓar sama, ta ƙi fita.

Ƙarshen Satumba: feshi da filaya

Saje yana so a busa ta ranar fareti, saura kwana goma. Ya aiki yaro kasuwar Terminus ya sayo gwangwanin WD-40, aka shimfiɗa jarida a kan tebur aka fesa mata tun daga sama har ƙasa, har tana ɗiga. Ba laifinsa bane sosai, duk wanda ya taɓa ganin bakanike a Farin Gada yana kwance noti abun da zai yi kenan. Shi WD-40 tun 1953 wani ɗan kamfani mai suna Rocket Chemical Company a San Diego ya haɗa shi, kuma don korar ruwa da hana tsatsa a jikin makami mai linzami na Atlas aka yi shi, sunan ma ma'anarsa mai korar ruwa, haɗi na 40.

Bayan minti ashirin ya ɗauko sukurdireban gyaran rediyo ya hau kan dogon rodin nan na ƙasa. Bakin sukurdireban ya fi tsagar kauri, bai zauna ciki ba, da ya matsa da ƙarfi sai ya zame ya cinye gefe ɗaya na tsagar ya kuma karci itacen, tsawon karcen kamar santimita 3. Washegari ya sake fesawa ya sake gwadawa, ɗaya gefen ma ya tafi. Sai ya koma kan madannin gefe ya kama shi da filaya yana lanƙwasawa sama da ƙasa wai ya saki. A kan madannin zobba na ƙasa kuma, wanda ma yana motsi, ya ce bari ya cire ya wanke, ɗan sukuru mai tsinin ya karye a cikin turke. Ƴar gangar ma ta sha man gyaɗa a mahaɗa, yara biyu suka kama suna murɗawa, ko gezau.

Zuwa 30 ga wata ga inda aka tsaya: madannai shidan nan masu nauyi sun saki, suna tafiya sumul, wannan dai an samu. Ukun da suka ƙame suna nan yanda suke. Matosai duk sun sha mai sun yi rawaya, suna mannewa a bakin rami suna ɗas ɗas, kok biyu na ƙarƙashin madannai sun ɓanɓare sun faɗo, akwatin gaba ɗaya warin gareji yake. An yi fareti da ganga da bigila kamar kullum.

Satin farko na Oktoba: mai agogo

Ni na kawo shawarar a kai wa wani saurayi mai gyaran agogo da tabarau, wanda yake gyara mana madubin hangen ƙwayoyin cuta na lab in ya lalace. Bai taɓa riƙe kilarinet ba, ya faɗa mana gaskiya. Ya maƙala gilashinsa a ido ya yi shiru kusan minti biyar yana kallon kan rodin nan da aka cinye, sannan ya ɗago.

"Baba Saje, wa ya yi wannan aikin?"

"Ɗana, kar ka tambaya, ni ne."

"Toh Baba, garin neman gira an kusa rasa ido. Ku bar min ita, amma don Allah kar a sa min rana."

Ranar bai ɗiga mai ko ɗigo ɗaya ba. Goge ta ya yi da tsumma, ya bi ramukan da audugar kunne yana tsane abun da aka fesa, sannan ya zauna yana danna madannan ɗaya bayan ɗaya yana kallon kan kowane rodi. Ya nuna min abun da yake nema: in ka danna madanni ka ga tsagar kan rodin tana juyawa tare da shi, toh rodin ya manne ne da bututu, zaren lafiyarsa ƙalau. In madannin yana motsi rodin kuma ya ƙi juyawa da sukurdireba, zaren ne ya kama a turke. In duka biyu sun tsaya cak, nan aiki ya same ka.

Da wannan ya raba su. Madannai shidan da suka saki ba tsatsa bace, da ya zare rodin ɗaya sai ga wani abu ruwan kasa mai danƙo, ya shinshina ya ce man girki ne ya tsufa, wani ya taɓa sa mata man gyaɗa shekarun baya. Madannin A rodinsa yana bin madanni, bututu ne kenan. Na gefe shima haka amma yanzu da ƙarin lanƙwasa daga filaya. Dogon rodin ƙasa duka biyu ne, ga shi ba tsaga. Sukurun da ya karye daban, ƴar ganga daban. Matsala biyar kenan, da muna ɗauka guda ɗaya ce.

Gwajin mai, kwana biyu a lab

Nan ne na shigo da nawa karambanin. Kowa ya kawo shawara, direban makaranta ya ce man birki, wani malami ya ce ya ga ana haɗa jan man giyar mota mai otomatik da asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, rabi da rabi, matar mai gadi ta ce kananzir, mai agogo kuma man keken ɗinki yake da shi. Muka jera su biyar har da ragowar WD-40, muka ce kafin kowanne ya taɓa kilarinet sai an gwada shi a wani waje.

Gwaji na farko, na ɗauko ƴan gilasan nan na lab na haɗa bibbiyu na matse da kilif, muka ɗiga kowane mai a gefe muna kallon yanda yake kutsawa tsakani. Haɗin asiton ne ya fi gudu, kananzir na bin sa, WD-40 ba laifi, man birki a hankali, man keke kuwa kamar bai so. Gwaji na biyu, ɗigo ɗaya a kan gilashi a bar shi ya kwana. Asiton ko minti biyar bai yi ba ya tashi ya bar jan man shi kaɗai, dama a digiri 56 yake tafasa, kuma a kwalba ma rabuwa suke sai ka riƙa girgizawa. Kananzir da safe kusan babu shi. Man keke yana nan yanda aka ɗiga shi.

Gwaji na uku shine wanda ya fi mana amfani, wato ɓarnar da kowanne zai yi wa maƙwabta. Muka yanka tsohon kok, muka cire matoshi ɗaya da ya riga ya mutu, muka ɗauko murfin bakin busawa na roba da wani fentaccen gwangwani. Asiton ya taɓa robar nan take wajen ya yi fari ya yi laushi, yatsa yana kamawa, kuma galibin kilarinet na ɗalibai da irin wannan robar ake yin jikinsu gaba ɗaya, ka ga da irinta ce da an gama da ita. Man birki ya tayar da fentin gwangwanin kafin a tashi daga makaranta, bayan haka kuma shi mai ne da yake jan ruwa daga iska, in ya saura a bututu sabuwar tsatsa zai kira. Asiton yana da wata matsalar, mai agogo ya riga ya ce zai sa zafi, shi kuwa ko a sanyin firiza tururinsa yana kama wuta. Biyu suka fita.

Aka tsaya a kan kananzir kashi 3 man keke kashi 1, kananzir ya yi jagora ya kutsa, in ya tashi ya bar man keken a ciki. Aka zuba a sirinji mai allura, mai agogo ya goge tsinin allurar a dutse don kar ta karci komai.

Rana ta 1 zuwa ta 6: rodi biyu

Tsarin da ya bi kullum sau uku, safe da azahar da yamma kafin ya rufe shago. Ya yanko takardar alminiyom ta cikin kwalin sigari ya zura ƙarƙashin bututun ta kare itacen. Ɗigo ɗaya a kowane bakin bututu, ɗaya a inda zaren yake, in ya yi yawa ya tsane da gefen tishu. Sai ya jingina gaɓar a tsaye don man ya bi ƙasa. Bayan kamar awa ɗaya ya goge na waje, ya ɗora bakin ayan ɗin soda na masu gyaran waya a kan bututun, yana ƙirga goma, da ya ga ɗan kumfa ya leƙo a bakin bututun sai ya ɗauke, kuma tun bai huce ba ya ƙara ɗigo, kana gani man yana shigewa kamar ana zuƙarsa. Daga nan ya ɗan ƙwanƙwasa bututun da gudumarsa ta agogo, a hankali yanda ko ƙwai ba zai fashe ba.

Sukurdireban ma sai da ya wasa shi musamman ya cika tsagar daga gefe zuwa gefe. Kuma ba juya shi yake ba, riƙe shi yake cak a tsagar, da ɗaya hannun yana motsa madannin sama da ƙasa kaɗan kaɗan, wato madannin ne yake juyawa a kan rodi.

Rana ta 1 da ta 2 ba abun da ya faru, Saje ya zo ya tsaya a bakin shago ya ce ba girin-girin ba dai ta yi mai, ya tafi. Rana ta 3 da azahar man da yake fitowa daga bututun madannin A ya fara zama ja, da yamma aka ji ɗan ƙas, madannin ya motsa rodin bai bi shi ba. Bai zare ba ranar, ya ƙara ɗigo ya bari ya kwana, da safe ya fito da yatsa biyu. Tsakiyarsa ja wur, wajen milimita 6, daidai inda ruwan numfashi yake taruwa.

Na gefe ya saki a rana ta 5, amma ya fito rabi ya tsaya, duk man da aka ƙara a banza. Mai agogo ya ɗora rula a jikin bututun sai ga haske yana wucewa ta tsakiya, filayar Saje ce ta tanƙwara shi. Ya tallafe shi da ɗan katako ya danna da babban yatsa a hankali sau uku yana gwadawa, rana ta 6 ya fito.

Rana ta 7 zuwa ta 10: sukurun da ya karye

Wannan ba kai, ba abun kamawa, guntun baƙin ƙarfe ne a nutse cikin turke. Kwana shida shima yana shan ɗigo, amma ko ya saki da me za a juya shi? Haƙa shi da diril kuma in hannu ya kauce zaren turken ya tafi.

Dabarar masu agogo ya yi. Ya cire sukurun ɗaya ɓangaren ya zare madannin, ya fitar da sifirin ɗin da yake jikin turken, sannan ya warware turken daga itacen tunda shima da zare aka dasa shi. Ya wanke shi tas da sifirit don mai yana hana aikin. Ya sayo alif, wanda wasu suke ce wa alimun, wannan da ake jefawa a ruwa ya kwanta, ya narka a ruwan zafi cikin kofin gilashi har ya daina narkewa, ya jefa turken ya ɗora kofin a cikin tukunyar ruwa a kan ƙaramar wuta. Ruwan alif yana cin baƙin ƙarfe amma ba ya cin tagulla da danginta irin wannan turken, shi ya sa sai an cire sifirin tukun, kuma ba a yi a kwanon ƙarfe. Na leƙa na ga ƴan kumfa ƙanana suna tasowa daga ramin a jere kamar zare. Yana dumama shi awa huɗu biyar kullum, rana ta 10 ya sa tsinken sakace sai baƙin gari ya zubo, ramin fes, zaren yana nan. Turken ya ɗan dushe, aka goge ya dawo.

Rana ta 7 zuwa ta 15: dogon rodin

Shi wannan tun rana ta 1 yake shan magani tare da sauran. Tsawonsa ya kai ninki uku na sauran, madannai biyu a kansa, ga zare ya kama. A rana ta 8 mai agogo ya yanke shawarar yanka sabuwar tsaga da zartonsa na maƙeran zinariya, kuma tunda kan rodin a shafe yake da turken dole zarton ya ɗan shiga turken shima. Sai da ya kira Saje ya nuna masa tukun. Saje ya ce yanka ɗana, tabo ai ba ya hana busa.

Rana ta 9 madanni ɗaya daga cikin biyun ya fara motsi. Na biyun da zaren suka ƙi.

Rana ta 12 wani tsohon ɗalibinmu da yake aikin injina a Legas, wanda Saje ya kira ya yi wa ƙorafi, ya aiko da ɗan mai a kwalbar magani ta hannun direban mota, ya ce Kroil ne, masu gyaran kayan busa a Amurka suna yabonsa sosai. Ya turo hoton gwangwanin, ruwan lemo, a jiki an rubuta Kano Laboratories, Saje ya ce ashe ma na gida ne. Ba Kanonmu bace, kamfani ne a Nashville ta jihar Tennessee, an kafa shi tun 1939. Muka yi masa gwajinmu, a gilashi yana kutsawa kamar kananzir kuma da safe yana nan bai tashi ba, robar bai taɓa ta ba, kok kuwa ya jiƙe ya yi duhu kamar yanda sauran suka yi masa. Warinsa yana da ƙarfi, ya kama shagon.

Aka koma kansa, tsari bai canja ba, sai dai yanzu zafin a kan turken zaren ake sa wa, kuma ƙirga bakwai kawai saboda gindin turken a cikin itace yake. Rana ta 14 madanni na biyu ya saki. Rana ta 15 da safe mai agogo ya kafa sukurdireba ya fara ɗaurewa tukun, ɗan kaɗan kamar kaurin gashi, sannan ya juya baya, sai ya tafi. Da kan ya leƙo ya kama shi da ƴar matsarsa yana murzawa yana ja, minti ashirin kafin ya fito duka. Ya rarake a wuri biyu amma bai kai a jefar ba, ya goge shi da takardar yashi mafi laushi, ya wanke duk bututan da kananzir zalla har tsumma ya daina yin ja, ya bushe su, sannan ya mayar da man keke shi kaɗai. Sifirin biyu da tsatsa ta cinye da allurar ɗinki ya maye su, ya gasa ta a wuta har ta yi shuɗi ya dalle gindin.

Nuwamba: ƴar ganga

Ita tun farko ya ce ba ruwanta da mai, itace ne ya sha danshi ya kumbura ya cika mahaɗar. Goge man gyaɗan ya yi ya ajiye gaɓar a kan kanta a inuwa, ba rana ba kusa da wuta, duk bayan kwana biyu ya kama ya ɗan girgiza ta gefe da gefe, ba murɗawa. Oktoba ta ƙare ba labari. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa leɓe ya fara tsagewa, sati na biyu na Nuwamba, aka ga siririn layi ya buɗe a mahaɗar, ya sa farce, bayan kwana uku ta zame. Nan take ya mayar da gaɓoɓin cikin akwati ya rufe, don hunturun da ya sake ta shi zai iya tsaga ta, zoben bakin ƙasa ma har ya fara kwance.

Matosai kuwa duka sai da aka canja, daga Legas aka yi odar saiti, kuma kuɗinsu ya fi na duk sauran aikin in aka haɗa. Satin ƙarshe na Nuwamba Saje ya busa ta a asambuli.

Me ya yi aiki, me ya sa

Har yau Saje cewa yake Kroil ne ya yi aikin, kwana uku da zuwansa rodi ya fito. Mai agogo yana cewa kwana goma sha ɗaya na kananzir da zafi fa, wa zai ci ladansu? Ni na fi karkata wajen mai agogo, don rodi biyu da rabin na uku sun riga sun saki kafin kwalbar ta iso Jos. Amma ba zan rage wa Kroil ba, ya fi haɗinmu a abu ɗaya, yana kutsawa kuma yana zama, namu kananzir ɗin tashi yake shi ya sa sai an bi shi sau uku a rana. Wanda yake da shi ya fara da shi, wanda babu kar ya zauna jira.

Dalilin da ya sa kwanaki suka fi sunan gwangwani muhimmanci shine ba wani mai a cikin waɗannan da yake narkar da tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye, sai ta cika ɗan sararin da yake tsakanin rodi da bututu ta matse. Aikin man shine ya bi ƴan kofofin cikinta ya jiƙa ta, kuma sai an samu abun da ya farfasa ta ya buɗe masa hanya. Nan zafi ya shigo. Bututun haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki ne, yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, na yi lissafi a allo, a kaurin milimita 2 in ka ƙara digiri 100 bambancin kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne kacal. Kaɗan ne, bai isa ya saki rodi a tashi ɗaya ba, amma bututun yana riga rodin ɗaukar zafi, tsatsa kuma ba ta da juriya, in aka buɗe aka rufe sau arba'in dole ta fashe, kuma duk sanda ya huce yana zuƙar mai ciki. Minti ashirin ɗin da Saje ya bayar ranar farko ko man da ya fi kowanne a duniya ba zai yi komai a ciki ba.

WD-40 ma ban ce bai da amfani ba, shi ya narkar da tsohon man gyaɗan ya saki madannai shida, kuma da an fesa shi a murfin kwalba an ɗiba da allura wataƙila da ya taimaka a rodin ma. Feshin ne ya yi ɓarna. A mota duk abun da yake kewaye da noti ƙarfe ne, a nan kuwa milimita kaɗan daga rodin akwai fata da kok da gam da itace, shi ya sa haɗin asiton da ya zo na ɗaya a gudu shine na farkon fita. Cikin matsala biyar ɗin, biyu ne kawai suke buƙatar mai, danƙon man girki da tsatsar rodi. Lanƙwasa rula da yatsa ta so, karyayyen sukuru alif, ƴar ganga hunturu.

Ragowar Kroil ɗin yana wajen mai agogo, ya ce ladansa kenan. Kilarinet yanzu a ofishin Saje take kwana, a rarrabe, kuma ya sa doka duk yaron da ya busa sai ya zura tsumma ya tsane cikinta kafin ya rufe akwati. Karcen nan na santimita 3 yana nan kusa da madannan ƙasa, na ce masa a cike shi da baƙin kaki, ya ce a'a a bar masa abunsa.